Doguwar Tafiya A Kan Ƙafa Uku



A farkon shekarar 2014, sanyi bai gama fita ba, ni da abokaina biyu muka tafka wata wauta wadda har gobe in mun haɗu sai an tuna da ita. Ɗaya daga cikinmu ya karɓi A Daidaita Sahu a hannun wani alhaji, ta hannu ce amma an yi mata sabon fenti, bisa sharaɗin zai riƙa kai balas kullum har kuɗin su cika ta zama tasa. Sai mutumin naku ya kafe a kan ba zai ɗauki fasinja ko ɗaya ba sai ya kai ta Daura mahaifiyarsa ta sa mata albarka. Muka ce to a ɗora ta a bayan mota mana. Ya ce da wane kuɗin? Haka muka yi asubanci muka bar Kano mu uku, shi a gaba mu a baya, da jarkar fetur a tsakanin ƙafafunmu, muka ɗauki hanyar Dambatta. Mu biyun na baya yawo muka fito. Shi kuwa duk abin da ya mallaka a duniya ne yake tuƙawa, kuma ko ya yi aiki ko bai yi ba, balas ɗin ranar na kansa.

A lokacin na ɗauka mu ne farkon mahaukatan da suka taɓa yin haka. Ashe mu 'yan koyo ne. Daga baya da na bi diddigin abin sai na tarar doguwar tafiya a keke mai ƙafa uku tana da tarihinta, kuma ita kanta keken ta sha tafiya kafin ta iso titin Zoo Road.

Sunan da Indiyawa ke kiran ta da shi, wato rikisho, daga Japan ya fito. Wajen shekarar 1870 aka soma ganin wani amalanke mai ƙafa biyu a Tokiyo, wanda mutum ke ja da gudu da fasinja zaune a ciki. Suka kira shi jinrikisha, ma'ana abin hawan da ke tafiya da ƙarfin mutum. Daga can ya bazu zuwa Sin da Singafo da Indiya. Wanda ya taɓa zama a Khartum zai tuna har yau raksha suke ce wa keken, sunan nan ne dai ya biyo ta. Injin kuwa daga Italiya ya zo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar ta talauce, kamfanin Piaggio ya ƙera Vespa a 1946, basfar nan da malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka yi yayi a ƙasar Hausa. A 1948 sai suka ɗauki gaban basfar suka haɗa mata ƙafa biyu da akwati a baya, don ƙananan 'yan kasuwan da ba su da ƙarfin sayen mota. Suka sa mata suna Ape, wato ƙudan zuma, tunda ita Vespa ma'anarta rina. Shi ya sa in ka lura da kyau, direban A Daidaita ba sitiyari yake riƙewa ba, kan babur ne a hannunsa, giyar ma a hannu take.

Indiya ce ta mayar da ita motar haya ta talaka. Kamfanin Bajaj na birnin Pune ya sami izinin ƙera babura da masu ƙafa uku a 1959, ya fara da samfurin Piaggio, sannan a 1977 ya fito da wadda aka mayar wa inji baya. Haruffan nan biyu, RE, da kuke gani a jikin wasu kekunan, abin da suke nufi ke nan a Turance, inji a baya. Mu kuma nan ta shigo mana ta Legas zamanin Buba Marwa yana gwamnan soja, tsakanin 1996 da 1999, aka kira ta Keke Marwa. Gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, ta raba su, sunan Keke Napep ya kama. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo su a 2005 don ɗaukar mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, shirin ya wuce sunan ya zauna. Da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai gari ya koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya. Abokin nawa ma tsohon ɗan acaɓa ne.

To duk inda ta je a wannan zagaye, don gajeriyar hanya aka yi ta. Daga gida zuwa kasuwa, daga tasha zuwa asibiti. Babu wanda ya ƙera ta don ta tsallaka jiha, balle ƙasa.

Shekarar 2006 ce wasu suka yi wa wannan ƙa'ida tawaye, har sau uku, ba kuma tare ba. A watan Mayu wasu ƙawaye biyu 'yan Ingila, Jo Huxster da Antonia Bolingbroke-Kent, suka tashi daga Bankok ta ƙasar Tailan a cikin keke mai launin hoda da suka raɗa wa suna Ting Tong. Suka ratsa Sin da Kazakistan da Rasha, suka shiga Turai, ba su tsaya ba sai garin Brighton na Ingila, bayan kwana 98 da tafiyar mil 12,561. Ita Jo ta yi fama da ciwon damuwa na shekaru, don haka kuɗin da suka tara ƙungiyar Mind mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suka ba. Wannan ita ce tafiyar da ta fi taɓa ni a cikinsu duka, domin na san yadda muke yi da mai irin wannan ciwo a nan, mu ce aljanu ne ko rashin tawakkali, mu ja baya. Ita ƙawarta shiga keken ta yi ta zauna tare da ita wata uku.

A watan Agusta kuma wani Ba'indiye, Aravind Bremanandam, ya shirya gasar kekuna daga Chennai zuwa Kanyakumari, can ƙarshen kudancin Indiya inda ƙasa ta tsuke ta faɗa teku. Sai kuma a ƙarshen Disamba aka yi wadda ta fi kowacce suna, wato Rickshaw Run. Wani Bature ɗan Ingila, Tom Morgan, shi da kamfaninsa The Adventurists suka shirya ta. Dama shi ne mai gasar Mongol Rally, inda a lokacin ake tuƙa ƙananan motoci kwararraɓaɓɓu daga Landan zuwa Mongoliya. Tawaga sama da talatin suka tashi daga Kochi a jihar Kerala, bakin teku, ƙasar kwakwa da zafi, suka nufi Darjeeling, garin ganyen shayi da ke lafe a jikin duwatsun Himalaya, sama da mita 2,000 daga doron teku. Tafiyar kusan kilomita 3,000 ce. In kana son ka auna, Kano zuwa Legas sau uku ke nan.

Tsarin nasu shi ne abin dubawa. Za a ba ku keke, ku biyu ko uku, a yi mata fenti irin yadda kuka zana, a koya muku tuƙi na kwana ɗaya ko biyu. A gaya muku inda za a tashi da inda za a ƙare, da ranar walimar ƙarshe bayan mako biyu. Shi ke nan. Ba a shata muku hanya, ba motar da ke bin ku a baya da makanikai. Keken da aka riƙa ba su a shekarun farko mai ƙaramin inji ce, cc 145, ƙarfin doki bakwai, irin wadda ake haɗa wa fetur da baƙin mai kamar tsohuwar basfa, tankinta lita takwas, in ta kai kilomita 55 a awa ta yi ƙoƙari. Kowace tawaga kuma sai ta tara kuɗin sadaka ga wata ƙungiyar agaji. A shekarun da suka biyo baya an riƙa sauya garuruwan, wani lokaci Jaisalmer ta cikin hamadar Rajastan, wani lokaci Shillong ta arewa maso gabas. Su kansu masu shiryawar ba sa ɓoyewa, suna gargaɗin cewa mutum na iya jin mummunan rauni ko ya rasa ransa. Wanda ya san yadda tirela ke yi wa ƙaramin abin hawa a titi ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Ba zan ɓoye muku ba, da na fara karanta labarin sai da raina ya ɗan sosu. Ga mutane sun biya kuɗin jirgi da kuɗin shiga gasa, don su ɗanɗani abin da Ba'indiye talaka da Bakano talaka ke yi kullum don tuwon dare. Su in sun gaji su ajiye keken su hau jirgi su koma gida da hotuna. Har yanzu ban gama sauka daga wannan ra'ayi ba. Amma akwai abin da na lura da shi a labaran nasu wanda ya sa na sassauta, domin na gan shi da idona a hanyar Daura.

Keken nan ba ƙarfinta ke kai ta nesa ba. Lalacewa take yi, kuma tana yawan yi. Sai dai a Indiya babu ƙauyen da za ka rasa wanda ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a kowace kasuwa da araha. Ba ta da ƙofa, ba ta da gilashi, ba ta da gudu, saboda haka wanda ke cikinta ba shi da hanyar guje wa mutane. In ta mutu a tsakiyar hanya, makomarka na hannun wanda Allah Ya jefo. Mai mota yana wuce gari ne, mai keke kuwa sai garin ya ga dama yake wucewa.

Wasu malaman makaranta biyu 'yan Ingila, Richard Sears da Nick Gough, sun kai wannan abu maƙura. Sun bar Landan a watan Agustan 2012 don jawo hankali ga ilimin yaran talakawa, suka ratsa Turai, suka bi Afirka daga Masar zuwa Afirka ta Kudu, suka shiga Asiya, suka ƙarasa Kudancin Amurka. A ƙasar Feru, daf da za su karya tarihin kilomita 37,410 da wasu Jamusawa biyu suka kafa a 2005, keken ta ce ba ta san zance ba. Sai da suka yi kwana uku suna jan ta da ƙarfinsu, tafiyar kusan kilomita 70, kafin su sami mai gyara. Ka ga jinrikisha ta koma asalinta. A 2016 kuma wani injiniya Ba'indiye, Naveen Rabelli, ya tuƙa tasa mai aiki da hasken rana da lantarki daga Indiya zuwa Ingila cikin wata bakwai, har aka sace masa fasfo a Faransa. Shi kaɗai ya yi tasa tafiyar, ban san da wa ya riƙa yin faɗa a hanya ba.

Na ce faɗa, domin mu mun yi. Mun wuce Dambatta da kaɗan wayar kuloci ta tsinke. Muka gangara gefen titi, ba gida gaba ba gida baya, iska na kaɗa mana ƙura. Na ukunmu ya ce dama shi ya faɗa tun a Kano. Mai keken ya ce, "Kai malam, wa ya roƙe ka ka biyo ni?" Ni kuma na ce a tare mota a koma, wanda shi ne mafi munin abin da aka faɗa a wurin, domin ma'anarsa a bar masa keken alhaji a daji. Bai ce mini komai ba. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai, a nan ne na tuna ashe shi ba yawo ya fito ba.

Muka tura ta. Ba kilomita 70 ba, amma ni a jikina ta kai. A wani ɗan ƙauye muka tarar da wani dattijo mai gyaran babura a ƙarƙashin darbejiya, da kwanon ruwan faci a gabansa. Muka ce, "Baba, ko za ka duba mana?" Ya ce shi bai taɓa kwance irin wannan ba, amma ya shekara ashirin yana gyaran basfa. Ya leƙa, ya bi wayar da yatsa tun daga hannu har inji, ya yi murmushi ya ce ai 'yar gida ce. Ba shi da wayar da ta kai tsawon, sai ya aiki jikansa a babur zuwa Dambatta. Muka zauna awa biyu, aka kawo mana fura, aka kira azahar muka bi su jam'i. Da ya gama ya karɓi kuɗin wayar da na man babur, ya ƙi karɓar ladan hannu da ya ji inda za mu da dalili.

A Kazaure muka ƙara mai, muka yi faci ɗaya. Duk tirelar da ta wuce sai keken ta yi rawa, mu biyun na baya mu riƙe ƙarfe muna salati. Tafiyar da mota ke yi cikin kamar awa biyu, mu sai bayan magariba muka shiga Daura, fuska fari fat kamar an tono mu.

Inna ta fito da cocila a hannu. Ta zagaya keken, ta haska fentin, ta ɗora hannu a kan rufin ta daɗe tana addu'a, shi kuwa ɗan nata yana tsugune yana amin. Da ta gama sai ta haska mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku kuma 'ya'yan nan, duk cikinku ba mai hankalin da zai hana shi?"

Wata goma sha tara ya yi yana kai balas kafin alhaji ya miƙa masa takardu. Washegarin ranar da muka isa ɗin, shi da na ukunmu suka kamo hanyar Kano a keken tun da sassafe. Ni dai na ce ina son ganin rijiyar Kusugu tukuna, da hantsi na tafi tasha na shiga mota.