Sambuk: Rayuwar Alhazan Ƙasa a Kan Bahar Maliya

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin aikin hajji ta ƙasa sun fi mai da hankali ga doguwar hanyar da ta tashi daga ƙasar Hausa, ta bi ta Maiduguri da Fallomi da Abashe, ta kai Sudan. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba zangon ƙarshe, wato ƙetare Bahar Maliya cikin jirgin iska da Larabawa ke kira sambuk. Wannan zango shi ya fi kowane gajarta, amma a cikinsa ne dabarar manomi ta daina yi masa amfani.

Dalilin Shiga Sambuk

Talakan da ya taso a ƙasar auduga irin ta Funtuwa da Malumfashi, sana'arsa ce guzurinsa. Da aka buɗe gandun auduga na Jazira a Sudan cikin 1925, sai ƙwadagon tsinkar auduga ya zama hanyar tara kuɗin tafiya, har mutum yakan shekara biyu ko fiye kafin ya doshi gaɓar teku.

Hanyar da hukumar Ingilishi ta amince da ita ita ce ta Sawakin zuwa Jidda, kimanin kilomita 300, cikin jirgi mai inji. Amma tana buƙatar fasfo da lamba da zaman killacewa da kuɗin tikiti. Saboda haka, a shekarun 1920 da 1930, da yawa sukan zarce Masawa ta ƙasar Iritiriya, wadda take hannun Italiya a lokacin, su shiga sambuk ya sauke su a Lis ko Ƙunfuda, kudu da Jidda, su ƙarasa Makka a ƙafa.

Wuni da Kwana a Jirgi

Sambuk jirgin katako ne mai jigo ɗaya ko biyu, da ƙaton zane wanda iska ke turawa. Mafi yawan cikinsa a buɗe yake, ba rumfa. Shugabansa shi ne nahuda, shi kuwa a ƙarƙashin hukuncin iska yake. A arewacin tekun iskar arewa ce ke kaɗawa kusan duk shekara, a kudanci kuwa takan juyo daga kudu a watannin sanyi. Don haka ba mai iya yanke ranar isa.

Gaɓar tekun cike take da duwatsun murjani waɗanda ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Wannan ya sa matuƙan da ke bin gaɓa sukan tashi da asuba, su sa mutum a goshin jirgi yana duban launin ruwa, in rana ta yi gora su nemi lungu su jefa anga. Ɗan yawon duniyar nan na Ingila, Richard Burton, ya yi irin wannan tafiya cikin 1853 daga Suwes zuwa Yanbu. Kwana 12 suka yi, fasinja 97 a jirgin da aka ce na mutum 60 ne. Tun a 1183 ma Ibn Jubair ya koka da irin wannan cunkoso sa'ad da ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda.

Kowane alhaji shi ke ɗauke da abincinsa: garin dawa da dabino da abin da ya sawwaƙa. Murhu kuwa akwati ne da aka cika da rairayi, ana girki bi da bi. Makewayi wani ɗan akwati ne da ke rataye a gefen jirgi bisa ruwa, abin da ke da nauyi ƙwarai ga mace mai kunya. Babbar damuwa ita ce ruwan sha, domin da awo ake raba shi, in iska ta ɗauke kuwa sai a rage awon. A nan karatun zaure ya yi rana: ruwan teku ba ya shayuwa, amma ya halatta a yi alwala da shi, kuma wanda jiri ya hana shi tsayuwa yakan yi salla a zaune.

Abin da ya fi haɗarin ruwa muni shi ne na mutum. Wanda ya shiga jirgi ba takarda, ba hukumar da ta san da shi. Akwai waɗanda aka sauke a gaɓar da ba kowa, akwai kuma mata da yara da suka faɗa hannun masu cinikin bayi, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Kammalawa

Jigilar alhazai ta jirgin sama daga Kano, wadda ta kankama a shekarun 1950, ita ta kashe wannan hanya sannu a hankali. Da yake waɗanda suka bi ta gudun takarda suke yi, kaɗan ne daga labarinsu ya shiga kundin hukuma, sauran yana bakin 'ya'ya da jikoki. Ya kamata ɗaliban tarihi da na adabin baka su shiga ƙauyukan kudancin Katsina su tattara shi tun da sauran masu tunawa.