Na'urar da ta koyi aiki a wurin hannu

A Matankari, in mutum ya yanke jiki ya faɗi, kowa ya san abin da ake yi: a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, a tofa addu'a, wani ya ruga neman mota zuwa Dogon Dutsi. In suma ce, sau da yawa yakan farfaɗo. Amma in zuciya ce ta tsaya cik, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, tun direba bai gama neman makulli ba. Abin da ke riƙe rai a wannan ɗan lokaci shi ne danna ƙirji, don jini ya ci gaba da kaiwa ƙwaƙwalwa. Yau har akwai na'urorin da ke wannan aikin, kuma tarihinsu ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Dabarar ta girmi na'urar. A farkon shekarun 1890 wani likita Bajamushe, Friedrich Maass, ya farfaɗo da majinyata ta hanyar danna musu ƙirji, amma aka manta da aikinsa. Shekaru da dama likitoci sai sun tsaga ƙirji su matsa zuciya da hannu. Sai a 1960, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker suka nuna cewa ba sai an yanka ba. Biyu daga cikinsu ma injiniyoyin lantarki ne. Knickerbocker ne ya lura cewa in ya danna ƙarafan gwaji a ƙirjin kare, jini yakan motsa.

To amma hannu yana gajiya. Ƙa'idar yau ita ce a danna sau 100 zuwa 120 a minti guda, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ko ƙato ne, bayan minti 2 danninsa ya fara sanyi, shi ya sa ake karɓeɓeniya, kamar yadda mata ke karɓar wa juna taɓarya a kan turmi. Daga nan injiniyoyi suka shigo. A shekarun 1960 kamfanin Michigan Instruments ya ƙera Thumper, wata taɓaryar ƙarfe da iskar oksijin ke turawa sama da ƙasa. Tana aiki, sai dai nauyi da tukunyar iska sun sa ɗaukarta jidali ne.

Mataki na gaba daga ban ɗaki ya fito, wallahi ba wasa nake ba. A 1990 wani likita a San Francisco, Keith Lurie, ya ba da labarin wani dattijo da iyalinsa suka farfaɗo da shi da robar nan mai tsotso da ake buɗe masai in ya toshe. Robar ta danna ƙirji, sannan ta jawo shi sama, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Wannan jawowar tana taimaka wa jini ya koma cikin zuciya kafin danni na gaba.

Irin wannan roba ce ke bakin LUCAS, na'urar da aka ƙera a birnin Lund na Suwidin, ta shiga kasuwa a farkon shekarun 2000. Ƙirarta ba wuya: allo a ƙarƙashin bayan majinyaci, ƙafafu biyu da ke maƙalewa a allon su yi baka a kan ƙirji, sai taɓarya a tsakiya. Ta farko da iska take aiki. A 2009 aka fitar da mai batir. Nauyinta kamar kilo 8 ne, tana shiga jakar goyo, tana danna sau 102 a minti, batir ɗaya kuma yakan kai minti 45. Kishiyarta AutoPulse, wadda ta fito a 2003, ba taɓarya gare ta ba: ɗamara ce mai faɗi da ke matse ƙirji gaba ɗaya sau 80 a minti.

Shin na'urar ta fi hannu? An gwada. Binciken LINC na 2014 ya haɗa mutum 2,589, na PARAMEDIC a Birtaniya a 2015 ya haɗa 4,471. Duka biyun ba su ga cewa na'ura ta fi hannun da ya ƙware ceton rai ba. Amfaninta yana inda hannu ba zai iya ba: cikin motar asibiti da ke gudu, cikin jirgi mai saukar ungulu, ko in aikin ya daɗe kuma ma'aikata kaɗan ne. Wanda ya san yadda mota ke jijjiga a hanyoyin Arewa zai gane darajar wannan. Amma kuɗinta miliyoyin sefa ne, kuma ko da akwai ta a Yamai ko Dosso, ba za ta iso ƙofar gidanmu cikin minti 5 ba.

Ke nan abin da muka rasa ba ƙarfe ba ne, sani ne, kuma sani da harshe yake tafiya. Da Faransanci ana cewa massage cardiaque. In ka fassara shi kai tsaye sai ka ce "tausar zuciya", wanda ya ji kuwa zai riƙa shafa ƙirji a hankali, kamar mai yi wa kaka tausa. Wannan fassarar tana iya kashe mutum. Kalmar da ta dace ita ce danna: in mutum ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi da sauri, wani kuma ya nemo ma'aikatan lafiya. Danni kaɗai ba kasafai yake tada zuciya ba, lokaci yake sayowa kafin su iso.

Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar tana koyar da agajin gaggawa. Ƴan uwa ɗalibai, mu je mu koya da hannunmu, in mun koma hutu mu koyar da shi da Hausar da iyayenmu ke ji.