Fatoma da Tukunyar Cikin Gida

Yau tarihin masu gidajen abinci za mu ɗan taɓa.

In maigidanki ya dawo daga Zariya yana ba da labarin tuwon Shagalinku, ko ya dawo daga cin kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara yana yabon abincin gidan Alhaji wane, sau da yawa sunan namiji za ki ji. Ran da irin wannan Alhajin ya rasu kuwa, gari ya ɗauka: ya ciyar da almajirai, ya ba direbobi bashi, yara nawa suka yi aure a hannunsa. Gaskiya ne, Allah ya jiƙan su. Amma wa ta tuƙa tuwon?

Kakan wannan sana'a shi ne fatoma. A zamanin fatauci, lokacin da ayari ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni ce. Garin da madugu ya sauke ayari, fatoma ke karɓar baƙi. Shi ne masauki, shi ne abinci, shi ke ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya karɓi la'ada. Baƙon da ya ji daɗin tuwon gida, baɗi nan zai sake sauka, har ya jawo wani. Kin ga ashe tukunya ce ke riƙe da cinikin.

Da hanyar goro da shanu ta karkata Kudu, fatoma ya bi ta. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan domin Hausawa. Wani malamin jami'a, Abner Cohen, ya zauna can a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya tarar sai ki ce yau ne. Masu gidajen baƙi su ne manyan unguwa, su ke saukar da fataken shanu daga Arewa, su tsaya musu in an sayi dabba bashi. Matansu kuwa suna kulle, ba mai leƙa ƙofa, amma su ke dafa abincin baƙin, su kuma ɗora wa 'yan mata tallar abinci zuwa ga gwagware da leburorin da suka cika unguwar. Kuɗin matar nata ne, ba a gama shi da na miji. To ina ribar ke tafiya? Kwanuka! Kwanukan fenti masu zane, waɗanda ake kawowa daga Cakosulobakiya, a jera su har sama. Mai kallo zai ce ado ne kawai, alhali banki ne: da su za a yi wa 'ya ko 'yar riƙo kayan ɗaki.

Nan gida ma haka yake. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta ga mata na sayar da hatsi da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci daga cikin ɗakunansu, yara ne 'yan aike. Har suna ta sa masa, ɓoyayyen ciniki. Wajen Bature ne yake ɓoyayye. Ke da kike dama fura tun asuba kin san inda yake.

Ba na so in shafa wa abin zuma duka. Ƙafar da ta kai tallar nan ta yarinya ce, kuma da yawansu tallar ce ta hana su zama aji. Wannan ma yana cikin gadon, ko da ba a faɗarsa a zaman makoki.

Abin da maigida ya bari a bayyane yake: zaure, suna, da yaran da ya horar suka buɗe nasu wuraren. Na uwargida sai an shiga ciki ake gani. Yadda ake daka daddawa da yaji, yawan kanwar da miyar kuka ke so, yadda za a auna tuwon mutum talatin ba a yi asara ba, duk a hannu ake koyonsu. 'Yarta ta tafi ɗakin miji da kwanukan da kuma wannan hannun, bayan 'yan watanni ita ma ta aza tukunyar ɗanwake ta sayarwa.