Matsin baƙin mai: abin da ke faruwa a inji idan mota ta daɗe a ajiye

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Zariya suka jingine motocinsu. Mai zuwa aiki Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko mai shago a kasuwar Sabon Gari, ya koma hawa bas da Keke Napep, ba ya taɓa motarsa sai ranar biki ko tafiya. Irin wannan ajiya tana da illa ga inji, kuma illar takan auku ne a daƙiƙun farko bayan an murɗa makulli.

Yadda man ke zagayawa

Baƙin mai yana taruwa ne a kaskon da ke ƙasan inji. Da inji ya tashi, famfon mai zai zuƙo shi, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa karanshaf da sauran ƙarafan da ke juyawa. Ƙarfin wannan turawa shi ake kira matsin mai. Shi ne ke shimfiɗa man tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba.

Idan mota ta yi makonni ba a tayar ba, yawancin man yakan tsiyaye ya koma kasko. Filta mai kyau tana da wani bawul na roba da ke hana man komawa. A jabun filta, ko wadda ta tsufa, bawul ɗin ba ya riƙewa. Saboda haka sai famfo ya sake cika hanyoyin kafin matsi ya samu, kuma a wannan ɗan lokaci ne ƙarafa ke cin juna.

Alamar da za a lura da ita

Jar fitila mai siffar buta da ke gaban direba ita ce ke nuna matsin mai. Takan kama idan an kunna makulli, ta mutu cikin daƙiƙa biyu zuwa biyar bayan inji ya tashi. Ɗan ƙaras-ƙaras da ke ɗaukewa nan take ba abin tsoro ba ne. Amma idan fitilar ta kai daƙiƙa 10 ba ta mutu ba, ko ƙarar ta ci gaba, a kashe motar nan take, a kira bakanike ya auna matsin da geji. Tuƙi a wannan hali shi ke sa inji ya buga, kuma kuɗin gyaransa ya ninka na sabis sau da yawa.

Sanyin hunturu da kaurin mai

Baƙin mai yana ƙara kauri da sanyi, don haka a safiyar Disamba da Janairu ya fi jinkirin hawa. Lambar da ke jikin galan, kamar 5W-30 ko 20W-50, tana bayyana haka: idan lambar da ke kafin harafin W ƙarama ce, man ya fi saurin gudana a sanyi. Ba kowane inji ne ke son 20W-50 da aka saba zubawa ba. A bi abin da littafin motar ya ce.

Kafin a tayar da motar da ta daɗe

Da farko a zare sandar gwada mai, a tabbatar man yana tsakanin alamomi biyu, a kuma duba ƙasa ko ya zuba. Idan ajiyar ta wuce wata shida, a sauya mai da filta, domin mai yana lalacewa ko ba a yi tafiya ba. Bakanike na iya cire fis ɗin famfon fetur, ya juya injin na 'yan daƙiƙu ba tare da ya tashi ba, har man ya zagaya.

Bayan ta tashi, kada a taka totur. A bar ta a sulo kamar minti ɗaya, sannan a ja ta a hankali.

Rigakafi ya fi magani: duk mako ɗaya ko biyu a tuƙa motar na minti 20 zuwa 30. Ɗumama ta a tsaye na minti biyar ba ya wadatarwa, domin injin ba ya yin zafin da zai ƙone damshin da ke taruwa a cikin man.