Tarihin Fuskar Fulogin: Zanen Na'urorin Sauti a Allon Kwamfuta

Fulogin na sauti ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa babbar manhajar haɗa waƙa, irin su Cubase, Pro Tools ko FL Studio, domin ta yi aiki guda: ta tace murya, ta ƙara mata amsa-kuwwa, ta daidaita ƙarfinta, ko ta fitar da sautin wani abin kiɗa. Cikinta lissafi ne zalla, amma furodusa ba ya ganin lissafin. Fuskar da aka zana mata yake gani, ita yake taɓawa da linzamin kwamfuta. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka saba zana wannan fuska ta yi kama da na'urar ƙarfe ta gaske, da mamurɗai irin na rediyo, da allura mai rawa, da kusoshi a kusurwoyi huɗu, wani lokaci har da ƙujewar fenti. Salon ya taso ne daga Turai da Amurka, manyan kamfanoni da masu aiki su kaɗai suka raine shi, sannan ya shigo waƙar Hausa ta situdiyoyin Kano da Kaduna.

Na'urorin da ake kwaikwayo

Kafin zuwan kwamfuta, kowane aiki a situdiyo da akwatinsa. A Amurka an ƙera Pultec EQP-1 a 1951 domin tace sauti. Fairchild 670, mai danne murya idan ta yi sama da yawa, tana ɗauke da kwalaben lantarki guda 20, nauyinta ya kusa kilo 30. Bill Putnam ya fitar da 1176 a 1967. Ta ɓangaren kayan kiɗa kuwa, Minimoog ya fito a 1970, kamfanin Roland na Japan ya fitar da injin ganga TR-808 a 1980 da TB-303 a 1981.

Injiniyoyin sauti da hannu suka koyi waɗannan akwatuna, har suka gano dabarun da maƙeransu ba su yi nufi ba. A jikin 1176 akwai maɓallai huɗu a jere da aka yi don a danna ɗaya kawai a lokaci guda. Wasu suka gwada danna duka huɗun tare, sai ganga ta riƙa fita da wani irin kauri da ƙara. Dabarar ta shahara har ta kai duk mai son kwaikwayon wannan na'ura a kwamfuta dole ya zana maɓallan nan huɗu, ya kuma ba da damar a danne su tare.

Shigowar kwamfuta

Fulogin na farko ba su damu da kama da ƙarfe ba. Q10, wanda kamfanin Waves na Isra'ila ya fitar a farkon shekarun 1990, layi ne a kan jadawali da akwatunan lambobi. Sauyi ya zo a 1996, lokacin da kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ya ƙirƙiro tsarin VST, ya kuma buɗe ƙa'idojinsa ga duk mai son rubuta fulogin. A 1999 aka faɗaɗa tsarin ya karɓi kayan kiɗa. Daga nan mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya rubuta manhajar da za ta yi aiki a cikin Cubase.

A 1997 wani ƙaramin kamfani a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, Propellerhead, ya fitar da ReBirth RB-338, wadda ta zana TB-303 guda biyu da TR-808 a allo kamar an ɗauki hotonsu. Masu amfani da ita suka shiga sauya mata fenti da sautuka suna rarraba wa juna, kuma a nan mutane da dama suka fara koyon zanen fuskar manhaja. A 2000 kamfanin ya fitar da Reason, wadda ta kai salon ƙurewa. Na'urori ne jere a kan kanta, wata bisa wata. Idan aka danna maɓallin Tab sai kantar ta juya baya, a ga ramukan jona waya da wayoyi masu launi suna lilo kafin su tsaya, mutum ya ciro waya daga nan ya soka can da linzami.

Sauran kamfanoni suka bi sahu. Native Instruments na Balin ya fitar da B4 a 2000, mai kama da tsohon molon coci na Hammond. 'Ya'yan Bill Putnam sun farfaɗo da kamfanin mahaifinsu, Universal Audio, a 1999, suka fitar da katin UAD-1 a 2001 ɗauke da kwafin 1176 da LA-2A. Arturia na Faransa ya kwaikwayi manyan na'urorin Moog a 2003.

Dalilai uku suka ɗaure wa salon gindi. Na farko amana: tsofaffin injiniyoyi ba su yarda kwamfuta za ta iya aikin ƙarfe ba, ganin fuskar da suka sani ya sa suka saki jiki. Na biyu koyo: wanda ya san akwatin ba ya buƙatar karanta littafin bayani. Na uku kasuwa: ba a jin sauti a shafin mujalla, hoto ake gani, kuma hoton da ya yi kama da na'ura mai tsada ya fi jan mai saye.

Yadda ake zana mamurɗi

Mamurɗin da ake gani yana juyawa a allo, a yawancin irin waɗannan fulogin, ba juyawa yake ba. Mai zane yana gina shi ne a manhajar zane mai siffa uku, kamar Blender, ya zaɓa masa jiki, ko roba ko goran ruwa, ya kafa fitila a sama ta gefe ɗaya. Sai ya ɗauki hotonsa, ya ɗan murɗa shi, ya sake ɗauka, har ya zagaye wajen digiri 270, daga ƙasa hagu zuwa ƙasa dama. Hotunan kan kai 64 ko 128, adadin da ya dace da matakai 128 na tsarin MIDI. Ana jera su a hoto guda dogo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, manhaja kuma ta riƙa nuna wanda ya dace da inda aka ja linzami, kamar yadda 'yan makaranta ke zane a gefen shafukan littafi su karkaɗa shi hoton ya motsa.

Ana shan wannan wahala ne saboda haske. Da a ce hoto ɗaya ake juyawa, inuwa da ƙyalli za su juya tare da shi, ido kuma nan take zai gane ƙarya ce. A hoton da aka jera, layin nuni ne ke tafiya, inuwar tana nan inda fitila ta ajiye ta. Haka ake yi wa allurar auna sauti, wadda ake rubuta mata lissafin nauyi don ta tashi ta sauka a hankali irin na allurar gaske.

Masu aiki su kaɗai

Babban kamfani yana da injiniyan sauti daban, mai zane daban. Mai aiki shi kaɗai kuwa shi ne kiɗa shi ne rawa, ko kuma ya biya mai zane daga aljihunsa. Wasu kayan aiki sun sauƙaƙa masa. SynthEdit na Jeff McClintock, ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya ba wanda bai iya rubuta manhaja ba damar harhaɗa fulogin. KnobMan, manhajar kyauta daga Japan, aikinta kawai fitar da jerin hotunan mamurɗi. JUCE, wadda Julian Storer ya fitar a 2004, ta ba da damar a rubuta sau ɗaya a fitar wa Windows da Mac. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Ichiro Toda, da ya raba Synth1 kyauta tun 2002, da Patrick Kunz na Suwizalan mai TAL, da Urs Heckmann na Balin, wanda ya fitar da Diva a 2011.

Akwai kuma tarkon shari'a. Babban kamfani yana iya sayen izini, kamar yadda Waves ya yi da SSL na Ingila a 2006. Ƙaramin mai sana'a ba shi da wannan ƙarfi, sai ya sauya suna da launi, ya bar alamar da masana za su gane. Ko ReBirth ba ta tsira ba: an janye ta daga kasuwar Apple a 2017 bayan Roland ya yi ƙorafin haƙƙin mallaka.

Masu adawa da salon

Tun farko akwai masu cewa linzami ba yatsu ba ne, ba ya iya kama mamurɗi biyu a lokaci guda, kuma kusoshi da katakon ado cin fili suke yi. Ableton Live ta fito a 2001 da fuska shimfiɗaɗɗiya ba inuwa. FabFilter na Amsadam ya fitar da Pro-Q a 2009, inda ake jan layin sauti kai tsaye ana ganin abin da ke faruwa. Sean Costello na Valhalla DSP a Amurka ya tsaya kan da'irori marasa ado da farashin dala 50. Chris Johnson na Airwindows ma ya daɗe ba ya zana fuska sam.

Alluna masu tsananin kaifi, irin wanda Apple ya sa a MacBook a 2012, sun ƙara dagula lamarin. Tsofaffin hotuna suka koma ƙanana ko dishi-dishi, ninka faɗi da tsawo kuma yana nufin ninka nauyin hoto sau huɗu. A 2013 iOS 7 ta watsar da kwaikwayon fata da katako a wayoyi, a 2015 kuma FL Studio 12 ta koma zanen da kwamfuta ke lissafawa da kanta, mai miƙewa daidai da kowane allo.

A ƙasar Hausa

Tarihin ya bi wata hanya dabam a Arewa. Makaɗa irin su Mamman Shata na Musawa sun yi rikodin a gidajen rediyo da kamfanonin faifai. Kiɗan finafinan Kano kuwa a kan fiyano ya tashi: daga tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyi irin su Iyan-Tama suka riƙa amfani da Yamaha samfurin PSR, kuma waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna kasuwar da ke cikin wannan sauti. Daga fiyano aka tsallaka zuwa kwamfuta. FruityLoops na ƙasar Beljiyam, wadda ta koma FL Studio a 2003, da Cubase, suka zama kayan aikin yau da kullum a Zoo Road ta Kano da makamantansa.

Saboda haka furodusan Hausa da dama hoton suka fara sani kafin ƙarfen, wasu ma hoton kaɗai. Fuskar da aka zana don tuna wa injiniyan Landan akwatin da ya saba da shi, a Kano ita ce malamar farko. Fulogin da ya fi barin tambari a waƙar Hausa ma ba kwafin wata tsohuwar na'ura ba ne. Auto-Tune, wanda Andy Hildebrand ya ƙirƙiro a 1997, a kwamfuta aka haife shi. Da shi mawaƙin Abzinawa Mdou Moctar na Nijar ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, kuma shi ne ya mamaye Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2013.

Yanayin aiki yana da tasa murya. Fuska mai ɗaruruwan hotuna tana cin data wajen saukewa, tana nauyaya tsohuwar kwamfuta, ga ƙarancin wuta. Fulogin da ke neman intanet don tabbatar da lasisi kuma ba ya da amfani inda babu sabis, kamar yadda aka gani a Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Safana da Batsari. A ƙananan garuruwa, waƙa takan iso ne ta memori da turi daga waya zuwa waya, a saurare ta a ƙaramar sifika, kuma wannan kunne furodusa ke wa aiki.

A yau salon biyu suna tafiya tare. Fulogin mai kwaikwayon tsohuwar na'ura yakan riƙe kamanninta, wanda aka yi don aikin tiyatar sauti kuma yakan zo da jadawali. Masu aiki su kaɗai da yawa sun zaɓi tsaka-tsaki: mamurɗi mai 'yar inuwa da kwamfuta ke zanawa nan take, wanda ake iya ƙara masa girma ba tare da ya dusashe ba.