Ƙwallo a Gidan Yari: Daga Ciyawar Nassarawa zuwa Tsibirin Robben

Tun kafin Turawa su ci Kano a shekarar 1903, sarauta tana da wurin tsare masu laifi, tana kuma da mai riƙe da shi, watau Yari, wanda daga sunansa ne aka sami kalmar gidan yari. Da Turawa suka zauna ba su rushe wannan tsari ba. Sai suka bar kurkuku a hannun En'e, aka gina na Kurmawa a 1910 daura da gidan Sarki, su kuwa suka kafa mazauninsu a Nassarawa, can gabas da ganuwa.

A zamanin nan hanya guda ce take haɗa fursuna da mutanen gari, ita ce ta aiki. Akan fito da su da safe, gandiroba yana biye, su share titi, su yanke ciyawa a gidajen manyan ma'aikata, la'asar ta yi a mai da su. Mai wucewa yana ganinsu, amma ba ya yi musu magana. Nassarawa unguwa ce ta filayen wasa, ga na sukuwa, ga na folo, sai dai abin da ya kai fursuna irin waɗannan wurare lauje ne. Ko da Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yari daga hannun En'e a 1968, wannan kallo da jama'a suke yi wa ɗaurarre bai sake ba.

Wanda yake son ya ga abin da wasa yake iya yi a bayan katanga, sai ya dubi Afirka ta Kudu a waɗannan shekaru. A tsibirin Robben, cikin teku daura da birnin Cape Town, gwamnatin wariyar launin fata ta tara fursunonin siyasa suna fasa dutse. Daga ƙarshen 1964, kowace Asabar sai ɗaya daga cikinsu ya je gaban hukuma ya roƙi a bar su su buga ƙwallo, alhali ya san horon da zai biyo baya shi ne a hana shi abinci. Shekara uku suna wannan naci. A watan Disamba na 1967, bayan matsin Ƙungiyar Red Cross ta Duniya, aka yardar musu da minti 30 ran Asabar. Hukuma ta ɗauka mutanen da dutse ya gajiyar ba za su jure ba.

Suka share fili da hannunsu, suka ɗinka raga da komar masunta wadda igiyar ruwa ta watso gaɓa. Amma abin da ya cancanci nazari ya wuce filin. A 1969 suka kafa hukumar wasa ta kansu, suka sa mata sunan Makana, wani jagoran ƙabilar Xhosa wanda Ingilishi suka tsare a tsibirin a 1819, ya nutse a teku a 1820 garin gudu. Suka rubuta mata tsarin mulki, suka bi littafin dokokin FIFA da suka samu a laburaren kurkukun, suka raba kulob-kulob rukuni uku bisa ga gwaninta, don kada tsoho ko ɗan koyo ya rasa inda zai shiga. Akwai ƙungiyar alƙalan wasa, akwai kwamitin horo, kowane zama kuma sai an rubuta abin da aka yanke, ga shi takarda tana wuyar samu. Mutanen da aka hana wa ƙuri'a a ƙasarsu, ga su suna zaɓen shugabanni, suna ɗaukaka ƙara.

Ba a rasa rigima ba. 'Yan ANC da 'yan PAC sun shigo tsibirin da gabarsu, kulob da yawa kuma a kan layin jam'iyya aka kafa su. Manong ce ta ƙi wannan, ta ɗauki ɗan wasa ko daga ina yake, ita ce kuwa ta yi fice. A 1970 wasu gwanaye suka haɗa kulob mai suna Atlantic Raiders, ƙaramar kulob ta Blue Rocks ta doke su da ci guda wanda suka ce haramtacce ne. Suka shigar da ƙara a rubuce, suka yi zaman dirshan a fili, aka shafe watanni ana shari'a kafin a sasanta. Mai karatu zai iya yin dariya, ɗaurarru suna shari'a a kan ƙwallo ɗaya, amma ba a kai maganar gaban gandiroba ba, su suka kashe wutarsu.

Nelson Mandela, wanda ya zauna a tsibirin daga 1964 zuwa 1982, bai taɓa bugawa ba, don an keɓe shi a wani sashe dabam. Dikgang Moseneke, wanda aka ɗaure yana ɗan shekara 15, ya shugabanci hukumar Makana, daga baya ya zama Mataimakin Babban Jojin ƙasar a 2005. Jacob Zuma ya yi alƙalancin wasa a can, ya zama shugaban ƙasa a 2009. FIFA ta ba Makana matsayin mamba na girmamawa a 2007.

Lalle ne a yi hattara wajen kwatance. Waɗancan 'yan siyasa ne masu manufa guda, mazauna Kurmawa kuwa akasarinsu talakawa ne, kuma fiye da rabin waɗanda suke tsare a gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Duk da haka abin da ya yi aiki a Robben ba ya bukatar kuɗi mai yawa: fili, da lokaci tsayayye wanda ba a sokewa don fushin wani jami'i, da barin ɗaurarru su riƙe littafin gasarsu da kansu. Kano kuma tana da abin da tsibirin bai samu ba, watau kulob-kulob na unguwanni a bakin ƙofa, waɗanda za su iya shiga su kara da mutanen ciki, ɗan unguwa ya ga ɗan unguwarsu sanye da rigar wasa.

Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen, ikon da ya bar hannun Kano tun 1968.