Masallacin da Ba Shi da Liman: Kwana Biyu a Garin Firejus

Yau labarin da nake tafe da shi na wani gari ne da ke kudancin Faransa, a bakin tekun Bahar Rum, wanda a rubuce sunansa Fréjus, a baki kuma Firejus. Na je garin ne a watan Satumban 2023 tare da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe a birnin Marsey yana turo wa mahaifina kayan gyaran mota ta Kwatano. Ranar da muka gama loda kaya sai ya ce mini, "Ɗana, ka shirya, gobe zan kai ka ka ga masallacin Jenne a ƙasar Turawa." Na ce, "Kawu, Jenne ta Mali?" Ya ce ita fa. Ni dai na ɗauka zolaya ce.

Jirgin ƙasa muka shiga, cikin ƙasa da awa biyu muka isa. Tsohon garin ƙarami ne ƙwarai, mutum zai iya zagaye shi da ƙafa daga hantsi zuwa azahar, amma tarihinsa ya haura shekara 2,000. Rumawa ne suka kafa shi a zamanin Juliyas Kaisar, wajen shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka sa masa suna Forum Julii, wato kasuwar Juliyas. Da na ji haka na ce ashe garin 'yan kasuwa muka zo. Daga baya ya zama tashar jiragen ruwan yaƙi, domin a nan ne Oktabiyan, wanda ya zama sarki Agustas, ya ajiye jiragen da ya ƙwace daga hannun Antoni da Kiliyofatara bayan yaƙin Aktiyum na shekara ta 31 kafin Miladiyya. Yau tashar babu ita, laka da yashi sun cike ta, teku ta ja baya, inda jirage suke tsayawa ya zama fili da gidaje.

Mun shiga filin wasan Rumawa, wanda a da yake ɗaukar mutum kusan 10,000 masu kallon faɗan mutane da namun daji. Mun kuma ga ginshiƙan doguwar hanyar ruwan da suka gina, wadda take kawo wa garin ruwan sha daga duwatsu tafiyar kilomita 40. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu inji a cikin aikin, gangara kawai suka auna ruwa yake bi. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka a hannu ya san nauyin wannan magana.

Bayan azahar muka yi hayar kekuna muka nufi arewa, tafiyar kilomita 12 ko kusa da haka, zuwa kwarin kogin Reyran inda kufan madatsar ruwa ta Malpasset take. An gama gina ta a 1954, tsayinta kamar mita 60. A daren 2 ga Disamba 1959, bayan an kwana biyu ana tafka ruwan sama, dutsen da ginin ya dogara a kansa ta ɓangaren hagu ya goce, madatsar ta fashe gaba ɗaya. Cikin minti 20 ko fiye kaɗan ruwan ya iso Firejus, mutum 423 suka rasa rayukansu. Mun ajiye kekuna muka ƙarasa da ƙafa, muna wuce ɓaraguzan kankare da ruwa ya jefar, wasu girmansu ya kai ɗaki. Ba a sake gina ta ba har yau. Duk surutun Kawu, a wurin nan shiru ya yi.

Washegari da sassafe muka tafi Dramont, a gefen duwatsun Esterel. Duwatsun jajaye ne wur, ragowar aman wuta ne na tun fil azal, ga kuma teku shuɗiya a ƙarƙashinsu. Akwai 'yar hanyar ƙafa da take zagaye tsaunin, mun yi kamar awa biyu a kanta, muna gamuwa da tsofaffi riƙe da sanduna suna hawa ko haki ba sa yi, ni saurayi kuwa ina neman wurin zama. A bakin ruwan da ke ƙasa akwai wani ƙaramin jirgin sauke sojoji da aka ajiye don tunawa, saboda a nan ne sojojin Amurka suka sauka ranar 15 ga Agusta 1944 don korar Jamusawa. Kawu ya ce in ƙara da cewa rundunar Faransa da ta biyo bayansu, wadda ta ƙwato Tulon da Marsey kafin ƙarshen watan, da yawan sojojinta 'yan Afirka ne. Ya ce, "To yanzu mu je ka ga inda kakanninsu suka zauna."

Asalin labarin shi ne, a 1857 gwamnan Faransa a Senegal, Faidherbe, ya kafa rundunar baƙaƙen fata da ake kira Tirailleurs Sénégalais. Sunan ne kawai na Senegal, amma daga baya ko'ina aka riƙa ɗibar su a ƙasashen da Faransa ta mallaka, Mali da Gini da Barkina Faso da Benin, har da Nijar maƙwabciyarmu, wasu da son ransu, da yawa kuma tilas aka ɗora wa sarakuna su kawo su. A yaƙin duniya na farko an kai kimanin 135,000 Turai, kusan 30,000 ba su dawo ba. Sanyin arewacin Faransa ya yi musu illa ƙwarai, ga ciwon huhu ga daskarewar ƙafa, shi ya sa daga 1915 aka buɗe barikoki a Firejus da kewaye, inda ake janyo su daga fagen daga su yi hunturu, in sanyi ya wuce a mayar da su.

Bayan yaƙin barikokin sun ci gaba da zama. A 1928 wani hafsa ɗan Afirka, Kyaftin Abdel Kader Mademba, ya kawo shawarar a gina wa sojojin wani abu da zai rage musu kewar gida, ganin cewa sojojin Biyetnam sun riga sun gina wurin ibadarsu a garin tun 1917. Sojojin da kansu suka yi aikin, aka gama a 1930, aka kira shi Missiri, wato masallaci da harshen Bambara. An kwaikwayi babban masallacin Jenne ne, sai dai na Jenne ginin ƙasa ne, wannan kuwa siminti ne aka shafa masa jan launi. Har surin gara na ƙarya aka yi a kewayensa don ido ya ga kamar gida.

Wallahi da na hango shi a tsakanin itatuwa sai da gabana ya faɗi, kamar na hango fadar wani sarki a Arewa. Amma da muka matsa sai muka tarar da shinge, ƙofa a kulle. Kawu ya yi mini bayani cewa tsakiyarsa fili ne babu rufi, ba a tsara shi don sahun salla ba, kuma babu liman babu ladan. Tun 1987 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi. La'asar ta yi mana a wurin, muka duba alƙibla a waya, muka shimfiɗa riguna a gindin bishiya muka yi ƙasaru a waje, masallaci na kallonmu.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda ni haifaffen Sabo ne a Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a 1916, shekara ɗaya bayan buɗe waɗancan barikoki. Su an kai su ne da umarni, namu kakannin kuwa goro da shanu suka kawo su. Su an gina musu siffar gida, da barikin ya tashi sai siffar ta saura ba mutane. Mu masallatanmu ba su kai nasu kyan gani ba, amma kullum sau biyar ake cika su. Sai dai ta ɗaya wajen sun fi mu. A Firejus akwai gidan tarihin soja, akwai mutum-mutumin tunawa da sojojin Afirka da aka kafa a bakin teku a 1994, ga alluna ɗauke da shekaru a duk inda ka tsaya. Mu fa? Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 na ji da kunnena ana cewa mu koma inda muka fito, ni da aka haifi kakana a garin, kuma ba ni da takarda ko guda da zan nuna. Dattawan da suka san wa ya fara sauka, wa ya gina wane masallaci, kullum raguwa suke yi.

Tun da na dawo na sayi littafi, duk Juma'a bayan an sauko nakan zauna da wani tsoho a unguwarmu in rubuta abin da ya tuna. Na cika shafi 40 zuwa yanzu, kuma biyu daga cikin waɗanda na zauna da su sun riga mu gidan gaskiya. Ina roƙon 'yan uwa na Agege da Shagamu da Lakwaja da sauran zangonni su ma su gwada, ko da a waya ne su naɗi muryar dattawansu.

Wanda Allah ya kai shi Firejus kuma, ya tafi da takalmi mai ƙwari da gorar ruwa, ya kuma yi wa waɗancan bayin Allah addu'a a bakin shingen. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.